Ranar da aka auna zuciyar mahauci a Ikeja

Shekara 17 ke nan ina fawa a abbatuwar Oko-Oba da ke Agege, kafin nan ma a gidan fawa aka yanke mini cibiya a Funtuwa. Zuciyar sa kam, Allah kaɗai ya san iyakar wadda ta bi ta hannuna. Ko an rufe mini ido zan tsaga ta in nuna maka ɗakunanta huɗu, ga na hagu mai kaurin nama, ga na dama wanda bangonsa bai kai rabin wancan ba. Amma tawa da nake yawo da ita a ƙirji shekara 38, ban taɓa sa ta a ido ba sai watan jiya, a wani asibitin zuciya mai zaman kansa da ke Ikeja. 'Yan'uwa da muke gudu tare sun ishe ni da tambaya: nawa na kashe, me aka yi mini, shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? To ga amsa gaba ɗaya. Sunan asibitin zan bar shi a cikina, domin a maganata akwai yabo akwai ƙorafi, ni kuma ɗan kasuwa ne, na san zafin a ɓata wa mutum suna.

Ɗan mahauci ba ya rasa naɗa zare. Ni ma na yi dambe da ƙuruciya har sai da aka gurɗe mini kafaɗa, aure ya zo ya ƙarasa raba ni da fage. Da teɓa ta fara sallama sai na koma gudu, a 2017. Yanzu da Allah ya sa ina da yara masu tsaya mini a kan kaya da safe, kwana huɗu a mako in na idar da sallar asuba sai in ɗaure takalmi, in haura gadar Pen Cinema, in ratsa Ogba har Alausa, in dawo kafin danfo su cika titi da hayaƙi. Sau uku ina shiga gudun fanfalaki na Legas, wannan da aka fara a 2016, kilomita 42 da ɗoriya. Duk ukun daga bakin babban filin wasa na Surulere muka tashi, muka tsallake gadar Third Mainland, muka ƙare a Eko Atlantic. 'Yan Kenya da Habasha sun yi wanka sun ci abinci kafin in iso, amma dai ban taɓa shiga motar kwasar waɗanda suka sare ba.

Wata Juma'a bayan an sauko, sai ga ma'aikatan lafiya sun kafa rumfa a ƙofar masallaci suna awon jini kyauta. Abin banza wa zai ƙi? Nas ɗin ta ɗaura mini abin awo, ta duba, ta kwance ta sake ɗaurawa. Bugun zuciyata 46 a minti. Ta ce na mai lafiya daga 60 ne zuwa 100, ta tambaye ni ko jiri yana ɗibata, na ce ko kusa. Duk da haka ta rubuta mini in je a yi isiji, wato gwajin nan da ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, inji ya fitar da zane kamar haƙoran zarto. Na yi shi a wani ɗan ɗakin gwaji a unguwarmu. Yaron da ke wurin ko kallon zanen bai yi ba, rubutun da injin ya buga a saman takarda ya karanta, ya ɗago ya ce mini da Turancin buroka wai zuciyata ta yi girma.

Kowa ya san abin da Bahaushe ke ji in an ce zuciya ta kumbura. Mai ɗakina ta kwana kuka, gari na wayewa ta kira Hajiya a Funtuwa ba da sanina ba. Hajiya ta ce a miƙa mini wayar. "Kai da ba sata ka yi ba, gudun me kake yi kullum? Daga yau ka bari. Rubutu na nan tafe a motar Legas."

Ni kuwa wani abu daban ne ya hana ni barci. Duk ranar gudun fanfalaki nakan wuce ta gaban mutum-mutumin Samuel Okwaraji, ɗan ƙwallon Najeriya, a ƙofar filin wasan Surulere. A cikin filin nan ya faɗi ranar 12 ga Agusta 1989, minti na 77 na wasan Najeriya da Angola, yana ɗan shekara 25, binciken gawarsa kuma ya nuna zuciyarsa ta yi girma, ga hawan jini. Wannan labari ji na yi, shekarata 2 a lokacin. Na Marc-Vivien Foe kuwa da idona na gani a gidan kallo a Funtuwa, watan Yuni 2003, Kamaru na karawa da Kolombiya a birnin Liyon na Faransa. Ba wanda ya taɓa shi, haka kawai ya zube a tsakiyar fili. Shekararsa 28. In ƙato irin Foe zai faɗi, ina ga ni?

Wata mata mai sayen nama a wurina, wadda mijinta ke fama da hawan jini, ita ta yi mini kwatancen asibitin. Bari in fara sauke ƙorafin in huta. A waya an faɗa mini kuɗin isiji da na hoton zuciya, na yi lissafi na tafi. Ina isa sai ga kuɗin kati, sai ga kuɗin ganin likita, ba wanda ya ambace su, daga baya kuɗin gwajin gudu ya hau kai. Jimillar abin da ya fita daga aljihuna ya kusa buhun shinkafa biyu. Mu da ake cewa mahauta ba su da sauƙi, in na ce maka kilo kaza ne, ba na zuwa daga baya in ce kawo kuɗin wuƙa. An ba ni ƙarfe 9, ban ga likita ba sai da 12 da rabi ta gota. Yarinyar da ke kan tebur kowa da sunan katinsa take kiransa, ni kuwa da layi ya zo kaina sai ta ɗaga murya ta ce "Aboki!" Duk wanda ya zauna Legas ya san wane irin aboki ake nufi. Wurin alwala babu, azahar a bayan janareta na yi ta, a kan kwalin da mai gadi ɗan Nijar ya ara mini. Tsabta dai ba a magana, kuma da aka ɗauke wuta ina kwance ana gwaji, injin bai ko ƙifta ba.

Likitar ce ta wanke musu laifi. Bayarbiya ce, dattijuwa, ta yi bautar ƙasa a Gusau, tana da 'yar Hausarta ta gaisuwa, sauran muka ƙarasa da Turanci. Ta karɓi takardar da ta hana gidana barci, ta sa yatsa ta rufe rubutun da ke sama, ta ce injin bai san wa aka manna wa wayoyin ba, ɗan tsere ne ko mai jinya. Sai ta shiga tambaya: kilomita nawa a mako, tun yaushe, na taɓa suma ina cikin gudu, ƙirji ya taɓa riƙe ni, ina shan wata ƙwaya? Da ta ji sana'ata sai ta yi dariya ta ce, "To Malam, ka fi ni sanin zuciya tsoka ce."

Daga nan bayanin ya zo mini da sauƙi. Mutum a zaune jikinsa na neman jini kamar lita 5 a minti. Zuciyar da ba ta saba wahala ba tana tura kamar mililita 70 a bugu ɗaya, dole ta yi ta kai da kawowa wajen sau 70 kafin ta cika mudun. Wadda ta shekara da shekaru tana gudu kuwa, ɗakinta na hagu ya buɗe, tana ɗiban jini da yawa ta tura da ƙarfi, sai ta biya buƙatar da bugu 45 ko 50. Na ce mata kamar ɗan garuwa da yaro mai ɗan bokiti ke nan, randa ɗaya za su cika amma sawunsu ba ɗaya ba. Ta ce in ba ta aron wannan misali. In an shiga gudu sosai, zuciyar mutum gama-gari takan kai lita 20 a minti, ta manyan 'yan tsere tana haura 35. Ta kawo mini Miguel Indurain, ɗan tseren keken Sifaniya da ya ci gasar zagaye Faransa sau 5 a jere, wanda aka ce bugun zuciyarsa 28 ne in yana hutawa. Masu ɗaga ƙarfe da 'yan kokawa kuma tasu ta fi karkata ga kaurin bango, saboda yunƙuri yana ɗaga jini na ɗan lokaci, zuciya na turawa da kyar. Ni da na yi dambe na koma gudu, ta ce na ɗebo kaɗan nan kaɗan can.

Sai ta nuna mini wasu layuka a zanen inda haƙorin zarton ya kifa ƙasa maimakon ya tashi sama. Wannan shi ya firgita injin. Ta ce a jikin Bature abin dubawa ne, amma a baƙar fata ɗan wasa, in kifawar ta tsaya a layukan farko huɗu na ƙirji kuma akwai ɗan tozo kafin ta, ƙa'idar da likitocin wasanni na duniya suka fitar a 2017 ta ɗauke shi a matsayin lafiya. Hatta kaurin bango mun fi su. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2008 ya samu kashi 18 cikin 100 na 'yan wasa maza baƙaƙe bangon zuciyarsu ya haura milimita 12, fararen kuwa kashi 4 kacal. Wanda bai san wannan ba sai ya hana lafiyayyen yaro ƙwallo har abada, ko kuma ya sallami marar lafiya da cewa ai haka tamu take.

Har na fara sakin jiki, sai ta ce, "A danginku akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a kafin ya kai 50?" Na ce babu. Har ta kai biro kan takarda sai Baffa ya faɗo mini, ƙanin mahaifinmu, wanda ya faɗi a gona da fartanya a hannu yana ɗan talatin da wani abu, aka ce iska ce ta buge shi. Ta ajiye biron. Ta ce akwai ciwon gado da ke sa tsokar zuciya ta yi kauri ba tare da aikin komai ba, yana samun kamar mutum 1 cikin 500, shi aka samu a jikin Foe, kuma wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da shi, rabi da rabi ne ya gada. Mai shi zai iya zama ƙosasshe, ba ciwon kai ba haki, har ranar da wutar zuciyar za ta rikice yana tsakiyar gudu. A takardar isiji kuma yakan yi kama da zuciyar ɗan wasa kamar an tsaga kara. Nan jikina ya yi sanyi, ba na iyakwandishan ba.

Hoton zuciyar sunansa eko, na ce to, Bahaushe ya zo Ikko a yi masa eko. Na tuɓe riga, aka kwantar da ni a ɓarin hagu, aka shafa mini wani mai mai yauƙi da sanyi, ta ɗora wani abu kamar kan tocila a tsakanin haƙarƙarina tana murzawa. Ta juyo allon ta yadda zan gani. Da farko toka-toka kawai nake gani kamar talabijin da eriya ta goce, can sai na gane ta. Wallahi ita ce, sak wadda nake tsagawa kullum, sai dai wannan tana da rai. Ga ɗakin hagu yana matsewa yana buɗewa, ga 'yan fatun nan biyu da muke gani a bakin ƙofa da zare-zarensu farare, waɗanda nakan sa wuƙa in yanke in jefar, ashe tafi suke yi ba dare ba rana. Da ta danna wani maɓalli sai ja da shuɗi suka bayyana, injin ya riƙa fitar da ƙara fuu-fuu kamar zugazugin maƙeri. Na yi ta salati a raina. Tun ranar in na ɗauki zuciyar sa sai na ɗan juya ta kafin in sa wuƙa.

Ta tsayar da hoton ta ja layi ta auna. Bango milimita 12, faɗin ɗaki 56. Ta ce abin da take nema ke nan: a zuciyar ɗan wasa bango da ɗaki tare suke girma, tana kuma saki da kyau tsakanin bugu da bugu. A mai ciwon gado bangon kan yi kauri, galibi wani gefe ya fi wani, ɗakin ya tsuke, tsokar ta yi tauri. Kaurin bango daga milimita 15 zuwa sama ana zargin ciwo. Tsakanin 13 da 15 nan ne likita ke susar kai, wani lokaci sai an tura mutum babban injin hoto mai maganaɗisu, ko a ce ya ajiye motsa jiki kamar wata 3 a sake awo. In ta motsa jiki ce za ta saɓe, in ta gado ce tana nan daram. Saboda maganar Baffa ta ce ba za ta sallame ni ba sai ta ga yadda zuciyar ke yi a cikin wahala.

Nan ma sai da teburin gaba ya sake ɓata mini rai. Ba wanda ya ce in zo da takalmin gudu, ni kuwa kaftani na sa da silifa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ba wanda ya ce kada in sha shayi mai ƙarfi ko in ci goro, ni kuwa na ɓare guda a danfo. Dole aka ɗage zuwa washegari, na sake asarar yinin kasuwa. Duk mai zuwa ya riƙe wannan, ba a fafe gora ranar tafiya. Mace kuma ta tambaya tun a waya ko akwai mace mai ɗaukar hoton, domin sai an buɗe ƙirji.

Gwajin gudun kansa ya burge ni. Aka aske mini gashin ƙirji wuri-wuri, aka manna wayoyi, aka ɗaura abin awon jini a dantse, na hau injin gudu. Kowane minti 3 yana ƙara sauri yana ƙara tudu. Minti 6 na farko hira muke, na 10 na daina amsa tambaya, na 14 na ɗaga hannu, bugu ya kai 176. Lissafinsu shi ne a cire shekarun mutum daga 220, nawa 182 ke nan, na kusa ƙure maleji. Likitar ba ta bar ɗakin ba ko sau ɗaya, a gefe kuma ga na'urar farfaɗo da zuciya a jone. Da ma sai da na tambaya ko akwai kafin in hau. Zanen bai rikice ba, bugun kuma ya sauko da sauri da na tsaya, ta ce wannan saukowa alama ce mai kyau.

Inda ta kama ni wani wuri ne daban da ban zata ba. Awon jinina a zaune 138 bisa 88, ƙiris ya rage ya taɓa 140 bisa 90 inda ake kiran sa hawan jini. Ta tambayi abin da nake ci, na lissafo balangu da kilishi da yaji da dunƙulen miya, ta riƙe haɓa. Ta ce daga shekara 35 zuwa sama abin da ya fi kayar da masu gudu shi ne toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta, gudu yana rage haɗarin sosai amma ba ya wanke gishiri da kitse. Ta rubuta mini gwajin kitsen jini. Ta kuma ce masu dogon gudu na shekaru da yawa sun fi saura samun wani rikicewar bugu da ke tasowa daga ɗakunan sama, in na ji zuciyata na fat-fat ba tsari in dawo. Faɗa na gaske kuwa a kan zazzaɓi ta yi mini shi, da na ce in mura ko masassara ta kama ni fita nake in yi gudu zufa ta fitar da ita. Ta ce wasu ƙwayoyin cuta sukan taɓa tsokar zuciya, gudu a kan haka yana iya zama ajali, wanda abin ya kama kuwa sai ya huta wata 3 zuwa 6. Na tuna yaranmu na gidan dambe masu kora tiramol da lemon ƙara kuzari kafin a shiga turmi, na yi shiru.

To, a je ko kada a je? Wanda ke ɗan tattakinsa na minti 150 a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, ba ya jin komai, ba mutuwar fuju'a a gidansu, ya auna jininsa a kemis ya riƙe kuɗinsa. Amma mai shirin gudun fanfalaki, da yaron da ke neman fita waje da ƙwallo, da wanda ya taɓa suma ko ƙirji ya riƙe shi yana cikin wasa, ya je ko da bashi ne. Nwankwo Kanu da zinaren gasar Olamfik ta Atlanta a wuya ya je Inter Milan a 1996, gwaji irin wannan ya gano ƙofar babbar jijiyar zuciyarsa na da matsala, aka yi masa aiki a Kilibland ta Amurka, ya dawo ya sake zama gwarzon Afirka a 1999. Italiya tun 1982 ta wajabta wa 'yan wasanta gwaji, a yankin Beneto mutuwar fuju'a a cikinsu ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Sai dai kafin ka biya, ka tambaya ko likitan zuciya ne zai karanta sakamakon, ko ya saba duba 'yan wasa, a kuma lissafa maka kuɗin duka a rubuce. Wanda ba ya jin Turanci ya tafi da mai ji, tafinta babu a wurin. Likitar na ba ta maki cikakke, teburin gaba ko rabi ban ba su ba.

Ina fita ta ce in tambayi masu filin da muke taruwa ranar Lahadi ko suna da na'urar farfaɗo da zuciya. Christian Eriksen, ɗan ƙwallon Denmark da muka gani ya faɗi a Yuni 2021, danna ƙirji da wannan na'ura suka dawo da shi nan take a cikin fili, har ya koma ƙwallo. Na tambaya, ba su ma san ta ba. Abin da muka iya yi shi ne kowa ya sa lambar gaggawa ta Legas, 112 da 767, a wayarsa, wani nas a cikinmu kuma ya koya mana danna ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti, a kan buhun da muka cika da tsummoki.

Rubutun Hajiya ya iso cikin jarkar lita 4, na shanye shi tas. Da na kira na ce mata likita ta ce lafiya lau, sai ta ce ai da ma ta san malamin ba ya wasa. Na ce haka ne, Hajiya. Sannan na kira 'ya'yan Baffa su uku, domin likitar ta ce sun fi ni buƙatar wannan hoto nesa ba kusa ba. Babban ya ce zai je asibitin koyarwa na Shika. Ƙaramar mijinta ya ce zai duba. Na tsakiyan, wanda har yanzu yake naɗa zare a Kano, dariya ya yi ya ce, "Yaya, ni da nake kisa a turmin farko?" Na ce zan biya rabin kuɗin. Ya ce sai bayan kaka, in an sayar da masara.